Yadda Kare Da Kyanwa Ke Rayuwa Cikin Dusar Ƙanƙara

  

Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da tarbiyya, mu yi nisan zango zuwa ƙasashen da sanyi ke mayar da ruwa dutse. Na san da yawa daga cikinku kun sha ganin hoto a waya ko a talabijin, ga gari ya yi fari fat, ga kare yana tsalle cikin dusar ƙanƙara ba riga ba takalmi, ko kyanwa tana taka ta a hankali tana yarfe ƙafa. Yara sukan tambaya, "Mama, su ba sa jin sanyi ne?" To amsar wannan tambaya ce za mu bi yau. Zancen kuwa ya shafe mu, domin akwai 'ya'yanmu da ke karatu a Rasha da Kanada da Ingila, akwai 'yan uwanmu da aure ko aiki ya kai su can, wasunsu ma suna kiwon kyanwa kamar yadda suka saba a gida. Sannan a ƙarshe akwai abubuwa biyu da suka shafi tsakar gidanmu nan kai tsaye.

Mu fara da ita dusar ƙanƙarar. Uwargida, kada ki haɗa ta da ƙanƙarar da kan faɗo mana da damina, mai kama da tsakuwa, mai ƙwanƙwasa kwanon ɗaki. Wannan daban take. Saukowa take yi a hankali kamar an sheƙe auduga, ba ƙara ba motsi, ta taru bisa rufi da hanya da bishiya. Idan sabuwa ce, yawancinta iska ce a tsakankanin ƙwayoyinta, shi ya sa ƙafa ke lumewa a ciki. A watan Nuwamba na 2014, a wasu garuruwa na kewayen birnin Buffalo da ke Amurka, ta taru fiye da mita 2 cikin 'yan kwanaki, wato ta ɗara tsawon namiji dogo. A ƙauyen Oymyakon na Siberiya kuwa, a shekarar 1933 an auna sanyi ya kai digiri 67.7 ƙasa da sifili a ma'aunin selshiyos. Ki tuna ruwa yana daskarewa ne a kan sifili, firizar gidanki ma digiri 18 ƙasa da sifili take aiki. Allah ɗaya gari bamban. Kuma a duk waɗannan wurare akwai karnuka da kyanwoyi.

Zafin jikin kare da na kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗan ɗara na mutum da ke kan 37. Duk aikin da ke gaban dabbar a lokacin hunturu shi ne ta riƙe wannan zafi kada ya zube. Abu na farko da ke taimakon kare shi ne gashi. Karnukan da asalinsu na ƙasashen sanyi ne, irin su Haski na Siberiya, da Malamut na Alaska, da Samoyed, gashinsu hawa biyu ne. Na ƙasa mai laushi ne, a cunkushe kamar audugar katifa, shi ke riƙe iska mai ɗumi a jikin fata. Na sama dogo ne mai ɗan tauri da maiƙo, shi ke tare iska da laima. Kin ga kamar mutum ya sa suwaita sannan ya ɗora rigar ruwa ke nan. Ingancin wannan gashi ya kai a ce dusar ƙanƙara takan zauna a bayan Haski ba ta narke ba, saboda zafin jikinsa ba ya fitowa ya iske ta. Masu irin waɗannan karnuka sun san cewa idan suka ga tana narkewa a bayan kare, to zafi na tsiyaya daga jikinsa, sai a sa masa ido.

Abin da ke sa gashin ya yi kauri shi ne gajartar yini. Da rana ta fara saurin faɗuwa a ƙarshen kaka, sai jiki ya fara fitar da sabon gashin ƙasa, idan yini ya koma tsawo kuma sai ya kakkaɓe shi tuli-tuli. Wannan ne ya sa karen da ke kwana cikin ɗaki, ƙarƙashin fitilar lantarki da ɗumin hita, ba ya samun cikakken gashin hunturu kamar ɗan uwansa da ke yini a waje. Jinsinsu ɗaya, amma juriyarsu ba ɗaya ba.

To gashi ya rufe jiki, ƙafa fa? Ai ita ce ke kan ƙanƙara tsirara. Nan abin mamakin yake. Tafin ƙafar kare yana da fata mai kauri da kitse a ƙarƙashinta, amma babban sirrin yana cikin jijiyoyin jini. A shekarar 2011 wani masani ɗan Japan mai suna Hiroyoshi Ninomiya tare da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi kan tafin ƙafar karnuka. Sun ga jijiyar da ke kawo jini mai zafi daga zuciya tana kewaye da ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jinin da ya yi sanyi daga ƙafa, suna manne da juna. Ki ɗauka kin jingina kwanon miya mai sanyi da kwanon tuwo mai zafi cikin kula guda, kafin a jima miyar ta ɗauki ɗumi. Haka jinin da ke komawa ciki yake karɓar zafi daga wanda ke saukowa, sai ya isa zuciya da ɗuminsa. Ita kuwa ƙafar tana zama da ɗan sanyinta, daidai yadda ba za ta daskare ba, ba kuma za ta yi ta zubar da zafin jiki a banza ba. Irin wannan tsari akwai shi a ƙafar kyarkeci da dilan ƙasashen ƙanƙara.

Sai kuma dabarar kwanciya. Ko karen unguwarmu idan ɗari ya yi za ki gan shi ya dunƙule kamar gammo, ya cusa ƙafafu ƙarƙashin ciki. Ciki ne wurin da gashi ya fi ƙaranci, shi ya sa yake ɓoye shi. Haski yana ƙarawa da ɗora wutsiyarsa mai yawan gashi bisa hanci, sai numfashin da ya fitar ya ɗumama wanda zai shaƙa. Idan iska ta tsananta, sai ya tona rami cikin dusar ya kwanta, ya bari ta rufe shi. Kada ki ce ai ya binne kansa. Na gaya miki yawancinta iska ce, don haka bargo take zame masa, kamar yadda mutanen Inuwit na arewacin Kanada suka san gina ɗakin ƙanƙara su fake a ciki. Bayan wannan akwai karkarwa, wadda aikinta shi ne motsa tsoka don ta samar da zafi, da kuma tashin gashi, kamar yadda tsigar jikinmu kan tashi, don ya ƙara riƙe iska.

Duk wannan wuta ce, wuta kuwa sai da itace. Itacen shi ne abinci. A jihar Alaska akwai wata tsere da ake kira Iditarod, wadda aka fara a 1973, inda karnuka ke jan wani irin amalanke marar taya a kan ƙanƙara, tafiyar kimanin kilomita 1,600 zuwa garin Nome. Karen da ke wannan tsere yakan ƙona kalori 10,000 ko fiye a yini guda. Mace baliga kimanin 2,000 take buƙata. Kin ga kare ɗaya, wanda nauyinsa bai kai rabin naki ba, yana cin rabon mata biyar, kuma yawanci nama ne da kifi da kitse. Amma karen gida da sanyi ya hana shi yawo, ya yini kwance kusa da hita, idan aka ƙara masa abinci ƙiba kawai zai yi. Wanda ke kwana waje ko yake aiki shi ake ƙara wa.

Garin Nome ɗin nan da na ambata yana da labarin da ya kamata kowace uwa ta ji. A watan Janairu na 1925 cutar mashaƙo ta ɓulla a garin, irin wadda ta addabi Kano da wasu jihohinmu a 2023, mai toshe maƙogwaron yara. Likita ɗaya ne a garin, Dakta Curtis Welch, kuma maganin da ke hannunsa ya tsufa. Teku ta daskare, jirgin ruwa ba ya zuwa, jiragen sama na lokacin kuma ba su iya wannan sanyi ba. Sai aka kai maganin a jirgin ƙasa zuwa garin Nenana, daga nan mutum 20 da karnuka kimanin 150 suka yi ta miƙa wa juna shi, zango bayan zango, dare da rana, tsawon kilomita 1,085, cikin sanyin da ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili. Kwana biyar da rabi suka yi, maganin ya isa ranar 2 ga Fabrairu. Wani kare mai suna Togo, na Leonhard Seppala, shi ya ja zango mafi tsawo da haɗari, wani kuma mai suna Balto shi ya shiga gari da maganin, har aka yi masa mutum-mutumi a birnin New York. Sai dai wasu karnukan sun mutu sakamakon wannan tafiya, wasu direbobin kuma sanyi ya ci musu hannu da fuska. Wato ko gwanayen ma suna da iyaka.

Akwai kuma na ƙasar Japan. A watan Fabrairu na 1958 masu bincike 'yan Japan suka bar sansaninsu na Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, da niyyar wasu su maye gurbinsu cikin 'yan kwanaki. Mugun yanayi ya hana jirgi isa, aka bar karnuka 15 a ɗaure. Sai a Janairu na 1959 aka samu komawa, bayan wata 11. Bakwai sun mutu a kan sarƙarsu, takwas sun kuɓuce, daga cikinsu aka tarar da biyu da rai, 'yan uwan juna, Taro da Jiro. Mutane sun fi tuna biyun da suka rayu, amma ni abin da nake so ki riƙe shi ne bakwai ɗin da aka samu a ɗaure. Dabbar da aka ɗaure ba ta da ikon neman mafaka ko abinci, duk dabarar da aka halicce ta da ita an kashe ta.

Yanzu fa kada a ce kowane kare haka yake. Ƙaramin kare irin Ciwawa na Meziko, wanda bai wuce ki rungume shi da hannu ɗaya ba, yana saurin yin sanyi, kamar yadda ƙaramar malmalar tuwo kan riga babba hucewa. Mai gajerun ƙafafu cikinsa ke jan ƙanƙara, ya jiƙe sharkaf. Ɗan kwikwiyo da tsohon kare da marar lafiya, musamman mai ciwon gaɓoɓi ko ciwon suga, duk ba su da juriya. Ga kuma namu na nan yankin. Karen Azawak, dogon nan siriri na Buzaye, wanda ya samo sunansa daga yankin Azawak na Nijar da Mali, tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai. Fatarsa siririya ce, gashi gajere, ba kitse, domin an yi shi ne don zafin Sahel. A can dole masu shi su sa masa riga in za a fita da hunturu. Don haka idan kin ga Bature ya sa wa kare riga da takalmi, ba ko yaushe ne gata ya yi yawa ba. Likitocin dabbobi kan ce daga digiri 7 zuwa ƙasa masu siririn gashi sun fara takura, daga sifili a kula da ƙanana da tsofaffi, idan kuma ya kai 6 ko 7 ƙasa da sifili, to kowane karen gida yana iya shiga haɗari in ya daɗe a waje.

Mu koma kan kyanwa, ko mage, ko mussa, duk yadda ake kiranta a garinku. Ita lamarinta daban ne, domin asalinta 'yar ƙasar zafi ce. Duk kyanwar gida da ke duniya ta samo asali ne daga muzurun dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Jikinta ya fi sakewa idan zafin wuri yana tsakanin digiri 30 da 36, zafin da mu muke neman fanka a cikinsa. Shi ya sa kike ganin taki tana kwanciya cikin tokar murhu bayan an sauke tukunya, ko bisa katanga a hantsi. To irin wannan halitta ce aka kai ƙasar ƙanƙara.

Babbar dabarar kyanwa ita ce guje wa abin. Idan tana da gida, sai ta yini barci kusa da hita, ta naɗe ƙafafu ƙarƙashin ƙirji, ta lulluɓe hanci da jela, ta riƙa kallon waje ta taga. Idan dole ta fita, takan bi kan shinge, ko gindin bango inda dusar ba ta yi zurfi ba, ko ta bi sawun mutane. Ki lura da tafiyar kyanwa, inda ta ɗaga ƙafar gaba nan take ajiye ta baya. Cikin dusar ƙanƙara wannan yana rage mata wahala, rami biyu take haƙawa maimakon huɗu. Amma da zurfin ya wuce ƙirjinta, tsalle kawai take iya yi, kuma nan da nan take gajiya ta jiƙe. Jiƙaƙƙen gashi kuwa ba ya riƙe zafi.

Akwai dai jinsunan da suka daɗe a ƙasashen sanyi har jikinsu ya sauya, kamar kyanwar dajin Norway, da ta Siberiya, da Maine Coon ta arewa maso gabashin Amurka. Manya ne, gashinsu dogo mai maiƙo wanda ruwa ba ya saurin ratsawa, ga geza a wuya kamar ta zaki, ga gashi cikin kunne da tsakanin yatsu, ga jela mai kauri da suke lulluɓa kamar mayafi. Faffaɗan tafin ƙafarsu yana rage lumewa.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne marasa gida. Ɓeraye sun shige ƙarƙashin dusa suna yawo cikin ramukansu, tsuntsaye da yawa sun yi ƙaura, ruwan sha ya daskare. Sai kyanwoyin su taru su manne da juna a garken shanu, ko ƙarƙashin gini, ko kusa da bututun ruwan zafi. A birnin Saint Petersburg na Rasha, gidan tarihi na Hermitage yana da kyanwoyi da dama da ke zaune a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda bututun ɗumama gini suka ratsa, suna gadin ɓeraye, al'adar da ta faro tun 1745 da Sarauniya Elizabeth ta ba da umarnin a kawo su daga garin Kazan. A Santambul ta Turkiyya mutanen unguwa kan ajiye musu 'yan gidaje na katako a bakin titi, kuma a 2016 labarin wani limami mai suna Mustafa Efe ya bazu a duniya saboda buɗe wa kyanwoyi ƙofar masallacinsa da hunturu. A Amurka da Kanada masu tausayi kan ɗauki tsohuwar kula, su huda ƙofa daidai shigar kyanwa, su zuba busasshen karan alkama a ciki. Ba a sa bargo ko tsumma, domin suna shan laima su daskare, sai su koma suna zuƙe zafin dabbar maimakon su ƙara mata.

To me sanyi ke yi wa dabba idan ya fi ƙarfinta? Abu biyu ne. Na farko, jiki kan janye jini daga gefe-gefe don ya tsare zuciya da huhu, sai bakin kunne da jela da yatsu su daskare. Wurin zai yi fari ko toka-toka, ya yi tauri, bayan kwanaki ya kumbura ko ya yi baƙi, wani lokaci sai an yanke. Ba a murza wurin, ba a kuma kanga shi a wuta. Ruwa mai ɗumi ake sawa, daidai wanda za ki yi wa jariri wanka da shi, sannan a tafi wurin likita. Na biyu shi ne zafin jiki gaba ɗaya ya sauka. Dabbar za ta yi ta karkarwa, ta yi laushi, dasashinta ya yi fari. Idan karkarwar ta tsaya alhali tana cikin sanyin, to ba sauƙi ba ne, ƙarfi ne ya ƙare. Sai a goge ta ta bushe, a naɗe ta da bargo, a sa kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul a gefenta, a garzaya asibitin dabbobi. Saboda irin wannan ne jihar Pennsylvania ta Amurka ta yi doka a 2017 da ta hana ɗaure kare a waje fiye da minti 30 idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili.

Wani abin kuma, haɗarin da ɗan Adam ya ƙirƙira yakan fi na sanyin kansa. Hukumomin gari suna watsa gishiri a tituna don ya narkar da ƙanƙara. Wannan gishiri yana cin tafin ƙafar kare ya tsattsage, kamar fason da hunturu ke yi mana, idan ya lashe kuma ya ɓata masa ciki. Dusar kan dunƙule tsakanin yatsu ta zama kamar tsakuwa, kare ya yi ta ɗingishi. Shi ya sa ake rage gashin tsakanin yatsun, a shafa man kariya kafin fita, a wanke ƙafa da ruwan ɗumi bayan an dawo. Kwanon ruwan da ke waje ba a yin sa na ƙarfe, don harshe kan manne da ƙarfe mai sanyi, kuma ana yawan sauya ruwan, domin cin dusa ba ya kashe ƙishirwa yadda ya kamata, sai dai ya ƙara sanyaya ciki. Masu ƙananan karnuka kan ɗauki shebur su share musu 'yar hanya da wurin bahaya, in ba haka ba su ƙi fita. A bakin tafki kuma ba a sakin igiya, domin saman ruwa kan daskare siriri, kare ya bi agwagwa ya rufta, kuma an sha samun mai kare ya bi shi don ceto, karen ya fito shi ya halaka.

Yanzu ga abubuwa biyun da na ce sun shafi gidajenmu. Na farko mota. Kyanwa mai neman ɗumi takan shige cikin injin motar da aka kashe da dare, ko ta hau kan taya. Da safe a tayar da mota, bel ko fanka ya kama ta. Abin ya yi yawa a Japan har kamfanin Nissan ya ƙaddamar da gangami a 2016 yana roƙon direbobi su bubbuga bonet kafin su tayar da inji. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma daren Disamba da Janairu a Jos ko Kano ko Damagaram ya ishi kyanwar da ke son digiri 30 ta nemi inji mai ɗumi. Ki gaya wa maigida ko direban gida, ya ɗan bubbuga bonet ya jira kaɗan kafin ya murza makulli. Ba ya cin ko minti ɗaya.

Na biyu ya fi tsanani, shi ne ruwan nan mai launin kore ko ja da ake zuba wa lagireto. A ƙasashen sanyi ana amfani da shi don kada ruwan inji ya daskare, mu kuma nan ana sayar da shi don sanyaya inji. Yawancinsa yana ɗauke da wani sinadari mai suna etilin gilaikol, mai ɗan zaƙi a baki, amma guba ne mai kashe ƙoda. Cokalin shayi ɗaya ya isa ya kashe kyanwa, ko da taka shi ta yi ta lashe ƙafa tana iya cutuwa. Dabbar za ta fara tangaɗi kamar mai maye, ta yi amai, sannan ta yi kamar ta warware, ashe ƙoda ce ke lalacewa. Maganin yana aiki ne kawai idan an kai ta da wuri, kyanwa cikin kamar awa 3, kare cikin awa 8 zuwa 12. A 2012 kamfanonin da ke yin sa a Amurka sun amince su riƙa sa masa ɗaci. Uwargida, abin da ya kashe kyanwa ba zai bar yaro mai rarrafe ba, ga shi kuma launinsa kamar lemon kwalba. Kada a juye shi cikin robar lemo, kada a ajiye shi ƙasa, idan ya ɗiga a gareji ko tsakar gida a zuba ƙasa a kwashe a wanke wurin. Idan kuma yaro ya sha, Allah ya kiyaye, asibiti za a nufa nan take, ba a jiran a ga alama.

Ke kuma 'yar uwa da ke zaune a ƙasar sanyi, ko wadda ke da ɗa ko 'ya a can, ki isar da saƙon nan. Idan kina da kyanwa, ki bar ta cikin ɗaki da hunturu, ki tanadar mata kwanon yashi don bahaya, ki duba cewa ta shigo kafin a kulle ƙofa da dare. Idan a Ingila kike, ki sani tun watan Yuni na 2024 doka ta wajabta a sa wa kyanwa 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, kamar yadda aka wajabta wa karnuka tun 2016, don in ta ɓata a san mai ita. Mu na gida kuwa, karen gadi ko na farauta da ke ɗaure a bayan gida, a sama masa inda iska ba ta bugawa, a shimfiɗa masa tsohon buhu don kada ya kwana bisa siminti. Kyanwar da ta haihu da ɗari a sa mata kwali a lungu, domin 'ya'yanta a makonnin farko ba sa iya riƙe zafin jikinsu sai da na uwa. A kuma kula da kaskon wuta, kada neman ɗumi ya sa ta ture shi cikin dare.

Lokaci ya yi mana halinsa, a nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana da wasiƙa kamar yadda aka saba, za mu karanta a fili na gaba. A shafa wa yara mai, a rufe musu ƙirji da kunne kafin su fita makaranta. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.